Masu ciwon da ba ya tafiya, wane aikin yau da kullum ne ya fi gagarar ku?

Maman_Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suke cikin irin halin da nake ciki su fito su yi magana. Na daɗe ina fama da ciwon baya mai saukowa ta cinyar hagu har tafin ƙafa. An yi hoto, an ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ne ya turo yana danne jijiya. Ba maganar magani ta kawo ni ba, na sha har na gaji. So nake na ji yadda kuke yi da ƙananan abubuwan nan da mai lafiya ba ya ma sa su a lissafin aiki. Ni dai a wajena ranar da ciwon ya kwantar da ni ta fi sauƙi, don ranar kowa ya gani, ana ta sannu. Wahalar tana ranakun da nake tsaye, na yi wanka na yi kwalliya, amma idan na tsuguna a banɗaki sai na dafa bango ina salati kafin na miƙe. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a baho, sa wa yarinya takalmi, sauke tukunya daga murhu. Goyo kam na daina tun yarinyar ba ta fara tafiya ba, har yau kuma ana yi mini gori a kai. To ku fa? Wanne ya fi ba ku wuya, kuma wace dabara kuka samo?

Jaruma_SS:
Wa alaikumus salam. Sannu Anti, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni sikila gare ni, kuma kan ƙashin cinyata na dama ya fara lalacewa saboda jini ba ya kai masa yadda ya kamata, abin da ke samun da yawa daga cikinmu. Amsata ɗaya ce: banɗaki. A gida an sama mini mafita, amma a makaranta fa? Likita kullum maganarsa ki sha ruwa, ki sha ruwa, ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Gaskiyarsa ce. To amma idan na sha ruwan da yake so da safe, kafin hantsi ina neman inda zan zaga, kuma duk banɗakin sashenmu na tsuguno ne, ƙasa a jiƙe, babu abin kamawa. Sai na zaɓi ƙishirwa. Na wuni ban sha ba, na dawo gida da yamma gaɓoɓi suna ta zugi. Wannan lissafin nake yi kullum kafin na fita, ko Ummata ba ta san ina yin sa ba.

Ummu_Khalil:
Wace mafita aka sama miki a gida? Don Allah ki faɗa, mahaifiyata ce gwiwa ta hana ta sakat.

Jaruma_SS:
@Ummu_Khalil kujerar roba ce irin ta gidan biki, mai hannu. Yayana ya fafe tsakiyarta, ya lallashe bakin da wuta don kada ya yanke ni, sai a ɗora ta a kan masai. Amma ki nemi mai ƙwari, ki riƙa duba ƙafafunta, roba tana tsagewa babu sanarwa. Idan da hali gara mai walda ya yi ta ƙarfe, ya kuma kafa wa Hajiya ƙarfen kamawa a bango. Shagunan kayan asibiti ma suna sayar da irinta, tsada ce dai.

Tela_Fagge:
Nawa wuya ne da kafaɗa, sai kwankwaso. Mutane suna zaton zaman kan keke ne matsalar, amma yanka ya fi kashe ni. Ka shimfiɗa shadda a tebur, ka sunkuya da tef da alli da almakashi, kafin ka gama kaya ɗaya wuyan ya ƙage, sai ka juyo da jikinka gaba ɗaya idan an yi sallama. Watan azumi kuwa ba a magana. Mai kaya ya zo daren Salla ya tarar ba a gama ba, ya ce ku teloli ba ku da alkawari. Ba zan iya ce masa jiya na kwana a zaune ba, don gobe zai kai ɗinkinsa wani shagon. Mai sana'ar hannu ɓoye ciwonsa yake yi, shi ne jarinsa.

Dan_Sahu_Kurna:
Oga tela ka faɗi gaskiya. Ni kwankwaso ne. Kowane rami da kowane tudun rage gudu a titi, a bayana yake sauka. Idan na kashe mashin da dare, takun farko da zan yi bayan na sauko shi ne bala'i, sai na riƙe rufin sahun na ɗan jima. Balas kuma ba ya jiran lafiya, mai mashin kuɗinsa yake so da yamma. Ba zan ɓoye muku ba, ƙwaya ce take fitar da ni aiki. Wani lokaci haɗin kemis, wani lokaci jar nan da kowa ya sani.

Gaskiya_Daci:
Ku yi mini afuwa, amma ni ina ganin raki ya yi wa mutanen yanzu yawa. Kakanninmu sun yi daka, sun yi surfe, sun ja guga, sun haifi goma sha, ba mu taɓa jin wata ta ce ba za ta iya goyo ba. Yanzu ga injin niƙa, ga gas, ga 'yar aiki, amma mace mai shekara talatin tana kukan baya. Ban da mai sikila, wannan daban ne. Sauran dai son jiki yana ciki.

Yar_Maradi:
@Gaskiya_Daci Malam, ka je ƙauye ka dubi tsofaffin matan da kake magana a kansu. Da yawa a duƙe suke tafiya, hannu ɗaya a ƙugu. Sun yi ciwon, sun dai yi shiru ne don babu mai saurare. Innata tana can wani ƙauye kusa da Tasawa, har yanzu ita take sussuka da daka idan babu kuɗin inji. Da dare na sha jin ta tana nishi tana kiran ƙanwata ta taka mata baya. Da safe ta tashi ta ɗauki taɓarya kamar ba ita ba. Idan ka gan ta da rana kai ma cewa za ka yi lafiyarta ƙalau.

Maman_Amira:
Wannan maganar ta Malam Gaskiya_Daci ita ce daidai wadda nake ji a gidan surukaina, kalma da kalma. Ban ji haushi ba, na saba. Amma Malam, ni malamar firamare ce, tsaye nake wuni a gaban allo, na dawo na ɗora girki. Ba ni da 'yar aiki. Mai son jiki ba ya kuka don ya kasa goya 'yarsa.

Gaskiya_Daci:
Allah Ya ba ki haƙuri Malama, ba ke nake nufi ba. Amma dai akwai masu fakewa da ciwo, wannan ba za ku ce babu ba.

Abu_Hanan:
Akwai mana, kamar yadda ake samun masu bara da ƙarya. Wannan bai sa ka ce duk makaho idonsa biyu ba.

Nas_Mai_Dare:
Bari na koma kan @Dan_Sahu_Kurna kafin maganar ta wuce, don abin da ya faɗa ya fi tayar mini da hankali. Ɗan uwa, jar da kake nufi idan tramadol ce mai miligiram 225, ka sani hukumar kula da magunguna ta NAFDAC miligiram 50 da 100 kaɗai ta amince da su, waccan ta bayan fage take shigowa, ita ce NDLEA take ta kamawa a tashoshin ruwa. Tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kai kuma fasinja kake ɗauka. Jiki yana sabawa da ita, adadin da ya ishe ka bara ba zai ishe ka bana ba. Kada ka yanke ta dare ɗaya, ka je asibiti a rage maka a hankali.

Haɗin kemis kuma, ka buɗe ledar ka duba. Yawanci za ka tarar da diclofenac da ibuprofen ko piroxicam a tare, alhali duk dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a ciki, hawan jini, lalacewar ƙoda, musamman ga wanda yake wuni a rana ba ya shan ruwa. Sai 'yar ƙaramar nan, prednisolone ko dexamethasone, ita take sa ka ji garau washegari. Idan aka daɗe ana shan ta fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Ita ma ba a tsayar da ita farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kanta. Ko paracetamol da muke rainawa, babba mai lafiyar hanta kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana ɗaya.

Dan_Sahu_Kurna:
Na ji Anti Nas, na gode. Amma idan na je asibiti wuni zan yi a layi, ranar babu balas babu cefane. Kemis minti biyar ne. Ba gardama nake ba, lissafin ne haka.

Jaruma_SS:
Anti Nas, ki bar ni na faɗi ɗaya gefen. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 aka tsananta a kan magungunan nan, kuma ban ce ba daidai ba ne. Amma mu masu ciwon gaske mun shiga tsaka mai wuya. Ka je sashen gaggawa ƙarfe biyun dare kana birgima, idan ka kuskura ka faɗi sunan allurar da take yi maka aiki, shi ke nan an yi maka kallon ɗan ƙwaya. Idan ka daure ka yi shiru, a ce ai ciwon bai kai ba. Wata ma'aikaciya ta taɓa ce mini mai ciwon gaske ba ya danna waya. Ni kuwa wayar nake dannawa don na ɗauke hankalina kada na yi ihu.

Nas_Mai_Dare:
Ba zan kare wannan ba, yana faruwa, kuma bai dace ba. Abin da ke sa wasunmu ɗari-ɗari shi ne mun ga yaran da suka koyi yi wa kansu allurar pentazocine a gida, cinya da damtse duk suka zama gyambo, naman ya taurare. Amma tsoron wannan ba hujja ba ce ta barin mutum yana murƙususu. Ki nemi likitan da yake bin lafiyarki ya rubuta miki takarda mai nuna abin da ake ba ki idan ciwon ya tashi, ki riƙa yawo da ita tare da katinki. Tana rage dogon bayani.

Maganin_Kaka_Original:
Duk mai ciwon baya, gwiwa, sanyin ƙashi, amosani, har sikila, ya same ni ta akwatin sirri. Kwana bakwai an gama da yardar Allah, ana aikawa ko'ina.

Admin:
An cire lambar wayar da ke sama. Ba a talla a nan, kuma duk wanda ya ce yana warkar da sikila a kwana bakwai ya ji tsoron Allah. A ci gaba.

Bawan_Allah_92:
Ni abin da ban ga an taɓo ba shi ne salla. Shekaruna ba su kai talatin da biyar ba, na yi hatsarin babur, gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa daidai ba. Sujada da zaman tahiya sun gagare ni. Idan na ja kujera a masallaci, dattawan da suka haife ni suna ƙasa ni ina sama, sai na ji duk ido a kaina yake. Akwai wanda ya taɓa ce mini, yaro da kai? Yanzu sau da yawa a gida nake yi, kuma raina ba ya so. Ga alwala da hunturu, ɗaga ƙafa a wanke a tsaye ma aiki ne.

Almajirin_Zazzau:
@Bawan_Allah_92 ka koma jam'i, kujerarka ba abin kunya ba ce. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basir ya tambayi Annabi (SAW) game da salla, ya ce masa ya yi a tsaye, idan ba zai iya ba a zaune, idan ba zai iya ba a kan gefensa. Bukhari ne ya ruwaito. Ba a sa shekaru a ciki ba. Abin da malamai suke jan hankali a kai shi ne, abin da za ka iya kada ka bar shi. Idan tsayuwa da ruku'u ba sa gagarar ka, ka yi su, sai ka zauna wajen sujada ka yi nuni, ka sunkuya gwargwadon iyawarka. Wanda zai yi nuni a duka biyun, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Alwala kuma babu laifi ka ɗumama ruwa, ka zauna a kan benci ka yi. Taimama tana nan ga marar lafiyar da ruwa zai cutar ko ya ƙara masa ciwo, aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ambaci marar lafiya ƙarara. Amma ka zauna da malamin unguwarku ka yi masa bayanin halinka, ya fi fatawar intanet.

Hajiya_Babba:
Jikata ce take rubuta mini. Yaro ka ja kujerarka. Ni na fi shekara nawa a kanta, gwiwoyin duka biyu sun cinye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zumunci. Gidan rasuwa tabarma ake shimfiɗawa, idan na zauna sai mutum biyu sun ɗaga ni, ga jama'a. Sai na daina zuwa, aka fara cewa Hajiya ta yi kuɗi ta daina shiga mutane. Yanzu jikana yake bi na da 'yar kujera mai naɗewa. Da fari ina jin nauyi, yanzu har aro ake yi.

Mai_Gashin_Kashi:
Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a asibiti, na karanta tun daga sama. Da farko @Gaskiya_Daci, abin da ake kira ciwo mai daɗewa a likitance shi ne wanda ya wuce wata 3 yana nan ko yana dawowa. Ba sabon abu ba ne kuma ba na 'yan birni ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne suke da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Sannan zafin da mutum yake ji ba dole ya yi daidai da abin da hoto ya nuna ba. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙonsa suna ƙara kaifi, abu kaɗan ya tayar da su. Ba ƙarya mutum yake ba.

@Maman_Amira, abin da na fi gani a wajen mata irinki shi ne wannan: ranar da aka tashi da sauƙi sai a ce bari na rama bashi, a yi wankin sati, a share gida, a goge, a yi tuwo. Washegari a kwanta kwana biyu. Ki ɗauki ƙarfinki kamar kuɗin cefane, wanda ya kashe duka da safe babu na dare. Ki tsaya tun kafin ciwon ya tsayar da ke. Wanki kala uku yau, uku gobe. Bahon ya hau kan tebur ko benci daidai ƙugunki, ki yi a tsaye, ƙafa ɗaya a kan bulo, kina sauyawa. Tsintsiya a ɗaura mata doguwar sanda. Yanka albasa da gyaran kayan miya a zaune a kujera mai jingina, ba 'yar tsuguno ba. Ruwa rabin bokiti sau biyu ya fi cikakke sau ɗaya. Idan za ki tashi daga kwance, ki juya gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu.

Amma kada a fahimce ni a kan a kwanta. Doguwar kwanciya tana ƙara ciwon baya, naman jiki ya saki. Tafiya kaɗan kullum tana cikin magani. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 sun ƙarfafa motsa jiki da ilimantar da mai ciwo, sun kuma ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu ko magunguna dangin tramadol a irin wannan ciwon.

Abu na ƙarshe, kowa ya riƙe. Mai ciwon baya idan ya ga fitsari ko bayan gida yana zubo masa ba ya iya riƙewa, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina jin taɓi, ko ƙafa tana ƙara mutuwa, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar. Haka ciwon baya da zazzaɓi, zufar dare da rama, don tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna ganin sa a nan.

Tela_Fagge:
Likita ban yarda da maganar bel ba. Ni idan ban ɗaura ba ba na iya awa biyu a shago.

Mai_Gashin_Kashi:
Ban ce ba ka jin daɗinsa ba, Oga. Na ɗan lokaci ne, ba ya gyara komai. Ka ɗaga teburin yankanka da bulo ko katako har ya kai ba sai ka sunkuya sosai ba, ka riƙa miƙewa duk rabin awa, sai ka dawo ka ba mu labari.

Tela_Fagge:
Teburin zan gwada. Bel ɗin dai yana nan.

Abu_Hanan:
Ni mijin mai ciwo ne, amosanin gaɓoɓi take da shi, irin wanda yatsu suke sandarewa da safe. Kafin rana ta ɗaga ba ta iya murɗa murfin kwalba, ba ta iya matse tsumma, maɓallin rigar yara ma ni nake sawa. Ni nake wanke-wanken safe kafin na tafi kasuwa, na rufe ƙofa don kada maƙwabta su gani su kai wa Hajiyata. Hajiya kuwa maganarta ɗaya, ka ƙaro aure ka huta. Ni ba auren nake gudu ba, amma idan na yi shi a kan wannan dalilin, me na gaya wa matar da ta haifa mini yara huɗu?

Ummu_Khalil:
Allah Ya saka maka da alheri Malam. Ka buɗe ƙofar ma, Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida.

Gaskiya_Daci:
Nan kuma ina tare da Hajiyarka. Idan da hali ƙarin auren taimako ne ga ita uwargidan.

Yar_Maradi:
Taimako? Amarya ta zo yi wa kishiya wanke-wanke? Malam kai dai yau ka tashi da neman magana.

Admin:
Maganar kishiya a buɗe mata zaure daban, mun san inda take kai mu.

Ma'aikaci_Abuja:
Bari na kawo ta ofis. Ofishinmu hawa na uku ne, na'urar hawa ta lalace tun ban san ranar ba. Ina da ciwon gwiwa da ƙugu, idan na hau da safe ba na saukowa sai an tashi, ko abinci sai dai a sayo mini. Alhali akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya wuce. Ku duba bankuna da makarantu da ma asibitocin da kuke zuwa ku ƙirga matakala.

Jaruma_SS:
Kuma mu da ba mu riƙe sanda ba, ba mu hau keke ba, ko a lissafin ba ma ciki. Ka nemi a ba ka kujerar gaba a mota a ce ke wace ce.

Dr_Gobe:
Shi ya sa gwajin jini kafin aure yake da muhimmanci. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, ana kuma ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Jihar Kano ma ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Iyaye su daina jefa yara cikin wahala da sunan soyayya.

Jaruma_SS:
Gaskiya ne, ni ma ina faɗa wa ƙawayena. Amma Yaya, duk inda mai sikila ya buɗe baki sai an mayar da zancen kan gwajin aure. Wannan na waɗanda ba a haifa ba ne. Ni an riga an haife ni, iyayena kuma lokacinsu ba a gwajin. Tambayar Anti ita ce yadda za mu yi wanka mu je makaranta gobe.

Yar_Maradi:
Haka ne wallahi. Mu ma nan masu emasi, wato sikila, abin da suke ji ke nan. Ɗan yayata idan sanyi ya shigo, wankan safe kaɗai ya isa ya kwantar da shi. Uwar ta mayar da wankansa na rana tsaka da ruwan ɗumi, ta gaya wa malaminsu dalili. Sai ga shi fashin makaranta ya ragu.

Maman_Amira:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. An ɗaura wa tsintsiya sanda, bahon wanki ya hau kan tsohon teburin yara, kuma na ga bambanci a wankin. Girki ne har yanzu, don tuƙin tuwo babu yadda za a yi shi a rabi a ajiye. Maganar surukai kuwa tana nan inda take, jiya ma an ce tsintsiyar tawa ta 'yan gayu ce. @Mai_Gashin_Kashi a makaranta fa? Rubutu a saman allo da tsayuwar darasi uku a jere su suke gama ni kafin na iso gida.

Mai_Gashin_Kashi:
Ki raba allon, rubutunki ya tsaya a tsakanin kafaɗa da ƙugu, sama ki bar wa ɗalibi mai kyan rubutu. Ki nemi doguwar kujera ki riƙa ɗosana kina bayani, kina tashi kina zagaya aji. Takalmi mai faɗi marar tsini. Idan shugaban makaranta mai fahimta ne, a raba miki darussan kada su zo a jere. Tuwo kuma tukunyar ta hau sama, ko a rage yawansa, ko wani ya karɓi muciya a ƙarshe inda ya yi tauri.

Dan_Sahu_Kurna:
Likita ni ma a taimaka. Filo na sa a bayan kujera amma zamewa yake. Kuma sashen gashin nan sai an ba mutum takarda daga wajen likita, ko kai tsaye ake zuwa? Idan akwai inda ake gani da yamma ko ranar Asabar a cikin Kano, wani ya faɗa mini, don safiya dai ba zan samu ba.